Takardar Harajin da Na Kulle a Jikin Babur

Sunana Badaru Abdulganiyu, ina sayar da kwanon rufi da ƙusa a kasuwar Kilomita Biyar, a Bangi, babban birnin ƙasarmu. A nan aka haife ni. Mahaifina ya zo daga Damagaram da fataucin fata, bai koma ba. Duk wanda ya san ni a unguwa ya san ni da girmama takarda. Ban yi nisa a boko ba, amma in aka miƙo mini takarda mai hatimi da hannu biyu nake karɓa. A ƙarƙashin katifata akwai jakar leda da har shaidar rigakafin kaji tana ciki, alhali kajin an cinye su tun kafin a haifi 'yata Jamila.

A farkon shekarar 1996 na sayi babur, ja, ɗan hannu amma mai lafiya. Washegari na tafi ofishin haraji, na yini a layi, na fito da 'yar takarda zagayayya wadda ba ta wuce bakin kofin shayi ba. Binyat muke kiranta. Ita ce shaidar ka biya harajin hanya na shekara. Na manna ta a kan tankin mai, na bi ta kasuwa a hankali don 'yan layinmu su gani.

Ruwan farko na watan Maris ya kumbura ta. Wani mai sayar da fetur a kwalba ya ɗiga mata mai, lambobin suka soma narkewa. Na ɓare ta da reza, matata Ruƙayya ta goge mini ita da dutsen guga a tsakanin zannuwa biyu, na sa ta a aljihun gaba. Kwana uku bayan haka wani ɗan sanda ya tare ni a shataletale. Na zaro ta da murmushi. Ya duba, ya ce takardar daidai take, amma doka ta ce a jikin babur za ta zauna, inda ido zai gan ta ba tare da an tambaya ba. Bai ci ni tara ba. Ya dai tsayar da ni a rana yana mini bayani da ƙarfi, masu sayar da ayaba suna kallo. Ni da nake yi wa mutane wa'azin takarda. A makon nan kuma aka ɓare binyat ɗin wani maƙwabcina yana cikin masallaci. Sai na ga ruwa na nema, ɓarawo na nema, doka kuma ta hana a ɓoye.

Na tafi unguwar Yakite wurin Nata'ala mai walda, abokina tun muna yara. Na zana masa abin da nake so a ƙasa da tsinke. Ya tono wani tsohon agogon injin janareta, zagayayye, jikinsa tagulla, gilashinsa ya kai kaurin yatsa. Ya kwashe kayan cikin, ya yi wa kwankwason walda a ƙarfen babur ɗin, gefen hagu, ƙasa da fitila. Muka kwantar da binyat a ciki, muka zagaye bakin da robar tsohon tib na taya saboda ruwa. Na yanko wata 'yar takarda na rubuta sunana da layin shagona, na sa a ƙasanta. Ba wanda ya ce in yi haka.

"Sukurori huɗu sun isa," in ji Nata'ala.

"Sa shida. In ka ɗaure ka goge kawunansu da zarto, kada sukundireba ta sami wurin kamawa. Ka kuma gicciya ƙarfe biyu a kan gilashin saboda jifa."

Ya ɗaga gilashin waldarsa ya dube ni. "Badaru, takarda ce ko zinariyar Ruƙayya?"

"Yi abin da na ce."

Ya yi. Da ya gama sai ga babur ɗina kamar an dasa masa ido na biyu. Na koma shataletalen nan har sau uku a rana ɗaya, ɗan sandan bai ko kalle ni ba.

A watan Afrilu sojoji suka yi bore saboda ba a biya su albashi ba. A watan Mayu suka sake, aka fasa shaguna a tsakiyar gari, muka yi kwanaki ba mu buɗe kasuwa ba. Duk lokacin babur ɗin yana cikin ɗakinmu, tsakanin gado da akwatin Ruƙayya, ina goge gilashin da tsumma kowace safiya. Bore na uku ya zo a watan Nuwamba, shi ne ya daɗe. Gari ya rabu. Sojojin bore suka riƙe unguwannin kudu, mu a Kilomita Biyar muna jin harbi daga nan da can.

Ina da 'yar uwa a unguwar Fatima ta kudu, 'Yargoggo, ɗiyar ƙanwar mahaifina. Ta girme ni sosai, ita ta goye ni. Mijinta ya rasu, gwiwoyinta sun lalace, tana zaune ita kaɗai tana tuyar ƙosai a ƙofar gida. Kwana biyar ba mu ji ɗuriyarta ba. Ran na shida da hantsi harbi ya lafa, na ce zan je in ɗauko ta.

"Baban Jamila, ka tafi da ƙafa," in ji Ruƙayya. "Kowa da ƙafa yake fita yanzu."

"Da ƙafa zan goyo ta? Kuma me zan ji tsoro? Takarduna cikakku ne."

Ta taya ni fitar da babur ɗin daga ɗaki.

Ban yi tafiyar minti goma ba na iske shinge: gangar mai biyu, tsohuwar taya, da katako mai ƙusoshi. Ƙusoshin ma irin nawa ne, 'yan inci huɗu, na gane su. Sojoji biyar ne a wurin, wasu da kaki, wasu da singileti da silifa. Babbansu dogo ne siriri, idanunsa sun yi ja don rashin barci. Na ji suna kiransa Kaporal Anatol, wato kofur. Na tsaya, na gaishe su da yaren Sango, sannan, Allah ya yafe mini, na karkata babur ɗin don rana ta haska gilashin, na nuna da yatsa.

Kaporal ya sunkuya ya karanta. Ya kira sauran.

"Ku zo ku ga mutumin da ya biya haraji," ya ce. Ba da tsawa ya faɗa ba, kamar dai wanda ya ga wata dabba da ake ba da labarinta. "Baba, kai ne ka biya? To ina ya tafi? Mu bai iso wurinmu ba."

Na ce masa ban san wannan ba, ni dai na cika nawa. Na ma fara yi masa bayanin dokar da ta ce a sa ta inda ido zai gani. Ya saurare ni har ƙarshe, yana gyaɗa kai.

"Ka yi daidai," ya ce. "Sauka."

Na sauka. A lokacin ne na gane abin da kaina ya ƙi ganewa tun daga gida. Ɗaya daga cikinsu ya zare makullin. Ban yi musu ba, bindiga tana rataye a kafaɗar kowannensu. Amma sai wani tsoro dabam ya kama ni: sunana da layin shagona suna jikin babur ɗin nan, da rubutun hannuna. Duk inda ya je, duk abin da aka yi a kansa, Badaru ne.

"Kaporal, ku riƙe babur ɗin," na ce. "Takardar kawai za ku ba ni."

Ya ga wannan ba wani abu ba ne. Ya ce a cire mini. Wani ya kawo sukundireba, ya juya ta a kan sukurorin da ba su da kai, ya dube ni. Wani ya sa wuƙar bakin bindiga a gefen tagullar, bakin wuƙar ya lanƙwashe. Na uku ya buga gindin bindiga, ƙarfen da aka gicciya ya tare. Ina tsaye ina kallo, rabin zuciyata tana addu'a ta buɗe, rabin kuma tana yaba aikin Nata'ala.

"Wa ya yi maka wannan?" in ji Kaporal.

"Ni na tsara," na ce. Har a wannan hali sai da na karɓi yabon.

"To ka tsara da kyau. Ku bar shi. Yanzu ni ma ina da takarda." Ya tambaye ni ina zan je, na gaya masa. Ya ce in wuce.

Na iske 'Yargoggo a tsakar gida tana jiƙa wake, lafiyarta ƙalau, sai dai ba gawayi. Ta ce ina babur ɗin da ake ta ba ta labari. Na gaya mata komai, ban rage ba. Ta yi dariya har da tari, sannan ta ce in ɗauko mata kaskonta. Wani maƙwabcinta ya ara mana amalanke. Na shimfiɗa tabarma a ciki, na ɗora ta da kaskon da ƙullin kayanta, na soma turawa. Ban taɓa sanin hanyar nan tana da hawa ba sai ranar.

Dole muka biyo ta shingen. Kaporal yana zaune a kan babur ɗina yana cin rake. Da ya ga tsohuwa a amalanke sai ya miƙe, ya janye katakon da kansa, ya ce, "Sannu, Mama." Ita kuma ta leƙa ta kalli gilashin da kyau.

"Wannan ne?" ta tambaye ni da Hausa. "Ai kuwa ana gani sosai."

"Yaya, don Allah ki yi shiru."

Wata biyu da suka biyo baya ban yi barcin kirki ba. Kullum sai wani ya zo shago ya ce an ga babur ɗina a unguwar Petebo, an gan shi a bakin kogi ɗauke da buhun rogo, an gan shi da mutum uku da bindigogi. Wasu suka fara raɗa cewa ni na ba sojojin bore da hannuna. Na cire allon sunan shagona na ɓoye a bayan kwanoni. Na aske gemuna, Ruƙayya ta ce yanzu na fi kama da mai laifi. 'Yargoggo kuwa ta kafa kaskonta a ƙofar gidanmu, duk wanda ya sayi ƙosai sai ta ƙara masa da labarin.

A watan Janairu aka yi sulhu, sojojin wasu ƙasashen Afirka suka shigo suka tsaya a mararrabu. Wata ranar Laraba a cikin Maris, bayan azahar, ina auna ƙusa sai na ga mutum yana turo babur cikin layinmu. Ba madubi, ba kujera sai katako da aka ɗaure da roba, jan fentin ya koma ruwan ƙasa. Gilashin nan kaɗai ke sheƙi. Mutumin yana sanye da farar shat, yana ɗingishi. Sai da ya yi magana na gane Kaporal Anatol.

"Baba Badaru, ga kayanka. Layin yana rubuce, ban sha wahalar nema ba."

Na ba shi benci, ya zauna. Ya ce ya yi niyyar sayarwa, amma duk wanda ya karanta sunan sai ya fasa. Ya ce a shingayen da aka kafa yanzu ana tambayar mai babur, ya yi wata guda yana amsa sunan Badaru, har wani sojan Cadi ya ce ya karanta Fatiha, ya kasa. Sannan mahaifiyarsa ta ce ba za ta ci abincin gidansa ba muddin abin yana tsakar gida. Ƙanensa, wanda ya lanƙwasa wuƙar nan, an kashe shi a watan Disamba. Ya faɗi wannan yana kallon ƙasa. Na yi masa ta'aziyya, na aika aka karɓo ƙosai wurin 'Yargoggo, muka ci tare.

Da zai tafi ya nuna gilashin. "Af, ta mutu fa. Ta bara ce. Sai ka sa sabuwa."

Na tsaya da kwanon awo a hannu. Wata goma sha biyu ina alfahari da abin nan, ko sau ɗaya bai zo mini a rai ba cewa kowace shekara ake canza ta.

Na sake yin layi, na karɓo ta 1997. Na je Yakite, aka ce Nata'ala ya kwashe iyalinsa ya koma Garwa ta Kamaru tun lokacin harbi. Wani makanike ya yini yana huda sukurorin ɗaya bayan ɗaya, ya karya bakin injinsa biyu, yana zagin wanda ya yi aikin. Ban gaya masa wane ne ba. Da muka buɗe, tsohuwar takardar ta fito a bushe, ko ɗigon ruwa bai taɓa ta ba. Na sa sabuwa, na ce a ɗaura sukurori biyu masu kai, a cire ƙarfen gicciyen. Takardar sunana kuwa Ruƙayya ta karɓa ta sa a murhu.

Gyaran injin babur ɗin ya ci wata uku. Anatol bai koma bariki ba, ƙafar ta hana. Yana yawan biyowa ta layinmu, in an sauke kwanoni daga motocin Kamaru ya taya mu lissafin bandir, daga baya na bar masa tsaron ma'ajiyata. Ya shekara huɗu tare da mu kafin ya koma garinsu a bakin kogi ya kama kamun kifi. 'Yargoggo ba ta koma Fatima ba, a gidanmu ta zauna har Allah ya karɓi ranta.