Mahayin Ambaliya

Shekarar da aka yanke Kebbi daga Sakkwato, Alhaji Sahabi, babban dillalin kifi na Yelwan Yawuri, ya sayo dokin sukuwa daga Sudan, dogo mai siraran ƙafafu, ya sa masa suna Ambaliya. Ya rantse sai dokin nan ya je filin sukuwar Sakkwato ya nuna wa mutanen can cewa sabuwar jiha ba kifi kaɗai ta iya ba. Mahayin da zai hau shi Haliru ne, mijin Murjanatu.

Damuwar ɗaya ce, sikeli. A irin wannan sukuwa ana auna mahayi da sirdinsa, kowane doki da nauyin da aka yanka masa. Haliru kuwa tun da ya yi aure ya ajiye jiki. Masu kula da barga har tsokanarsa suke, wai tuwon shinkafar Murja ya fi ƙarfin bayan Ambaliya. Alhaji ya ce in bai rage ba kafin ranar, wani zai hau.

Murjanatu bandar kifi take yi a bayan gida, da 'yarta Hamdiyya goye a baya. Wata rana Haliru ya tsaya yana kallon tarwaɗa bisa raga, ya ce, "Murja, dubi yadda kihin ga ka tsotsewa. Wutar da tar raba shi da ruwa, ni ma tana raba ni."

Ta yi dariya, ta ɗauka wasa ne. Ba wasa ba ne. Ya ƙudundune cikin bargo, ya ɗora buhu a kai, ya zauna jikin murhun banda da tsakar rana, cikin bazarar Yawuri. Ita ce ma ta ƙara masa itace da farko. Ya daina tuwo, ruwa sai ya kurkure baki ya tofar.

Kafin mako ya zagayo idanunsa sun faɗa, leɓɓansa sun tsage. Ranar da ya ɗauki Hamdiyya zai yi mata wasa, gwiwoyinsa suka saki, da ƙyar Murjanatu ta cafe yarinyar kafin ta kai ƙasa. Ta ɗauki tulu ta juye a murhu, kifi da wuta duka.

"Mi kika yi haka?"

"Maigida, kifin da nika bandawa matacce ne. Kai da ranka."

"Ki bari in yi sukuwa wagga kaɗai. Duk Sakkwato za su ji sunana a rediyo."

"Hamdiyya ba suna za ta kira Baba ba."

Ya naɗe bargonsa ya koma murhun Barira maƙwabciyarsu. Murjanatu ta yafa mayafi ta nufi gidan Alhaji. Ta tarar da Ambaliya a inuwar rumfa, yana shan ruwan kanwa, ana yi masa fifita. Ta durƙusa gaban Alhaji ta faɗi abin da ke tafe da ita.

"Ɗiyata," in ji Alhaji, "mahaya duk haka suke yi. Ya dawo ki ciyar da shi har ya kasa shiga ƙofa."

Ranar tafiya ta dama fura mai ruwa-ruwa, ta cika gora, ta toshe da ƙyalle, ta miƙa masa ta tagar motar doki. "Ka sha a hanya. Don Allah."

"In na sauko daga bisa nai, ita zan fara sha," ya ce. Muryarsa kamar ta tsoho.

Ranar sukuwa matan unguwa suka taru a tsakar gidanta, suka kewaye rediyo. Mai sharhi yana ta zuba: "Ga Ambaliya na Yawuri, jama'a! Ɗan asali, uwa da uba duk masu gudu! An sake su! Ambaliya na uku, ya wuce, ya kama na gaba, sun shiga kwanar ƙarshe..."

Sai ihun filin ya canza.

"Ambaliya ya shigo shi kaɗai, babu kowa a kansa! To, doki ba mahayi bai ci ba, ka'ida ke nan. Amma ku ga ƙafa! An daɗe ba a ga irin wannan ƙafa a filin nan ba."

Murjanatu ta manna kunne jikin rediyo. Mutumin ya yabi ƙirjin dokin, ya faɗi garin da aka haife shi, ya yi wa Alhaji Sahabi jaje. Aka kira sukuwa ta gaba. Har batir ya yi sanyi bai ambaci Haliru ba.

Washegari da la'asar motar ta dawo. Tana leƙe ta zana ta ga an sauke Ambaliya lafiya lau, an lulluɓe shi. Tanimu mai kula da barga ya zo ya tsuguna bakin zaure, ya kasa ɗaga kai.

"Murja, sai haƙuri. Ba dokin ne ya ka da shi ba. Sulalewa ya yi, na baya suka bi ta kansa. An rufe shi can jiya."

Ya tura mata gorar. Ƙyallen yana nan yadda ta ɗaure shi, furar ta yi tsami har tana tsatsafowa ta baki.

Ta ɗauka, ta zagaya bayan gida, ta cire toshiyar, ta juye a tokar murhu har ɗigon ƙarshe. Hamdiyya ta rarrafo tana miƙa hannu wajen tsohon buhun babanta. Murjanatu ta sunkuce ta, ta goya ta tamau, ta juya wa murhun baya.