Shagon Tabitha na Cikin Kwamfuta

Waɗanda suka zauna a Sabon Gari wajajen 2009 za su tuna shagon Mama Ukachi a unguwar PZ, inda take sayar da leshi da atamfa. A barandar shagon akwai 'yar kusurwa mai inuwa, daidai keken ɗinki ɗaya da benci. A nan Tabitha take zama.

Tabitha 'yar Muchia ce. Ta iya ɗinki, amma ba ta iya kiran mutane ba. Da zarar mace ta fito da yadi a leda, sauran telolin layin za su fara, "Anti, zo nan. Anti, ga sabon yayi." Ita kuwa sai ta sunkuyar da kai tana gyara zare har matar ta wuce. Mama Ukachi ba ta karɓar kuɗin haya a hannunta. So take wadda ta zo wurin tela ta leƙa yadi. To ga tela, amma babu masu zuwa.

"Tabitha, ni ba gunki na ajiye a ƙofa ba," in ji Mama Ukachi wata rana. A Sabon Gari aka haife ta, Hausa a bakinta kamar 'yar cikin birni. "Oby mai ɗinki a ƙarƙashin bishiya ta daɗe tana roƙona wurin nan. In bikin Ista ya zo bencin nan yana nan wayam, sai dai ki yi haƙuri."

Ranar Lahadi bayan an tashi daga sujada a coci, Tabitha ta gaya wa Christabel, ƙawarta ta ƙungiyar mawaƙa, wadda take karatu a jami'a a Samaru. Christabel ta yi dariya.

"Ke da bakinki yake da nauyi, ai don irinku aka yi intanet. Kawo rigunanki masu kyau ranar Talata."

A lokacin ba kowa yake da waya mai hoto ba. Tabitha ma ko wayar ba ta da ita. Sai da Christabel ta sa rigunan ɗaya bayan ɗaya, mai hoto na bakin titi ya ɗauke ta, suka jira aka wanke, sannan suka hau bene zuwa wani kafe na intanet a Samaru. Wanda bai ga kafe na wancan zamani ba, ba zai gane daɗinsa ba. Janareto yana ruri a ƙasa, fanka tana juya zafi, kwamfutoci masu ƙaton ƙeya a jere, kowa ya ƙura ido yana jiran shafi ya buɗe a hankali daga sama zuwa ƙasa. Mai kula da wurin, Lanre, shi ya shigar da hotunan cikin na'ura. Christabel ta buɗe mata shafi a Fesbuk, wanda ɗalibai suka fara yayinsa a shekarar, ta haɗa ta da ƙawayenta na ɗakin kwanan ɗalibai, ta rubuta kwatancen shagon Mama Ukachi a ƙasan kowane hoto.

"Shi ke nan, kin buɗe shago," ta ce. "Ni jarrabawa zan shiga, kada ki neme ni."

Suna cikin kallon rigunan sai lokacin da suka biya wa kuɗi ya ƙare, allon ya rufe.

Tabitha a kasuwa ta tashi. Abin da ta sani tun tana ƙarama shi ne, wanda ya buɗe shago shi zai zauna a ciki, in ya rufe kuma babu ciniki sai ya sake buɗewa. Washegari ta lulluɓe kekenta da zane, ta shiga bas a Kwangila, ta sauka a Samaru. Ta sayi lokaci, Lanre ya taimaka mata ta shiga, rigunan suka fito. Ta naɗe hannu ta zauna a gabansu. Ba ta taɓa komai. Wani lokaci rubutu yakan bayyana a ƙasan hoto, da irin Turancin ɗalibai mai gajerun kalmomi, ta bi shi da yatsa, ta kasa haɗawa, kunya kuma ta hana ta tambaya. In lokaci ya ƙare sai ta sake saye.

Haka ta yi ta yi har aka shiga makon Ista. Tana fita da hantsi, ba ta dawowa sai an rufe shaguna. Mama Ukachi ta aika mata da saƙo gida cewa ta zo, ita kuwa ta ɗauka sallama ce za a yi mata, sai ta ƙara riƙe kujerar kafe.

Ranar Laraba ta wannan makon, fitsari ya matse ta alhali lokacinta bai ƙare ba. Ta daure har ta kasa. A kujerar gefenta akwai wani dattijo mai tabarau, Malam Felix, malamin firamare daga Basawa, yana rubuta wa 'yarsa saƙo da yatsa ɗaya. Ta ɗan rusuna.

"Baba, don Allah a duba mini shago. Yanzu zan dawo. In wani ya zo a ce ya jira."

"Wane shago, 'yata?"

Ta nuna allon.

Da ta dawo ta tarar ya juyo da kujerarsa yana tsaron rigunan da gaske, Lanre kuma yana tsaye a bayansa ya rufe baki da hannu.

"Babu wanda ya ɗauki komai," in ji Malam Felix. "Amma wannan yaron yana da magana."

"Sista, wai duk kwanakin nan gadi kike yi?" Lanre ya tambaya. "Na zaci saurayi kike jira ya hau layi."

"In na tashi ai rufewa yake yi."

"A nan ne kawai yake rufewa. Hotunan suna nan ko kina barci. Masu kallo suna can a wasu kafe, wasu a ofis." Ya sunkuya ya karanta rubutun ƙasan hotunan. "Wannan ta ce ta je PZ ba ta same ki ba. Wannan ma. Wannan kuwa cewa ta yi ko telar ta mutu ne."

Malam Felix ya cire tabarau ya goge. "Ni ma da a ce ni ne, zaman zan yi. Tashi ki tafi, 'yata, kin bar shagon gaske ba kowa."

Ba ta jira bas ya cika ba, acaɓa ta hau. Tun daga nesa ta hango Oby a kusurwar baranda, ƙafa a kan keke, tana kiran wata mata da take wucewa. Tabitha ta tsaya a bakin kwata kamar ta juya.

"Shigo, 'yar boko," Mama Ukachi ta ce daga ciki. "An ce kin koma jami'a."

Tabitha ta shiga, ta ba da labari da ƙaramar murya, idonta a ƙasa. Mama Ukachi ba ta yi dariya ba sai da aka zo wurin Malam Felix. Nan ta riƙe ciki ta zauna a kan dilar atamfa.

"To waye yake tsare shi yanzu?"

"Wai ba a tsarewa, Mama."

"Shagon da ba a tsarewa. Allah ya kyauta." Ta share hawaye da gefen zane. "Baranda dai na ba Oby jiya. Na aika ba ki zo ba, ni kuma ba na mayar da magana. Cikin 'yan makarantar da suka zo, biyu sun gaji sun ba ta ɗinkinsu. Sauran suka ce su sai mai rigar hoto."

Ta ɗaga labulen da yake bayan kantar shagon. Ga keken Tabitha a ɗan lungun da ake ajiye diloli, kusa da taga, an share wurin. A kan keken ledoji ne a tare, duk yadin shagon.

"Ni na gwada su da kaina, in ya yi musu yawa ki rage. Masu nemanki ba daga titi suke zuwa ba, to me za ki yi da titi? Zauna nan inda babu mai ganinki. Amma hoto na gaba, da leshina za a ɗauka."

Tabitha ta shiga lungun, ta ja labule. Ta kwance leda ta farko, ta shimfiɗa yadin a cinya. Ista saura 'yan kwanaki, sai ta nemi almakashi.