Ƙwallayen Dabinon Yabawa

A shekarar 1936 lakwal ɗin Gure, wato makarantar bokon garin, ɗaki biyu ce ta ƙasa, kuma Manzo ne mushe, wato malamin ƙananan yara, ƴan shekara shida da bakwai. Ya iya Faransanci, yana da farar riga mai maɓalli, amma yaran nan sun gagare shi. Ya yi ta rubuta lambobi a allo, su kuwa su zuba masa ido kamar yana zana musu aljanu.

Mahaifiyarsa Yabawa ce ta warware matsalar, ba tare da an sa ta ba. Kullum tana zama a bakin lakwal da faifan dabinon da take samowa daga lambunan kwari. In an tashi shan iska, yara su kewaye ta, ta jera musu ƙwallayen dabino a rairayi, tana rera wata waƙar ƙirga rabi Hausa rabi Barbarci, tana ɗauke ɗaya tana ƙara biyu. Kafin damina ta faɗi, yaran sun iya haɗawa da ɗebewa.

Sai labari ya zo cewa wata ƙungiya ta ƙasar Turai mai kula da karatun ƙananan yara ta aiko wata Baturiya tana zagaya makarantu, za ta zaɓi malaman da za a kai Damagaram a ƙara musu sani wata uku. Ana gobe za ta iso, Manzo ya roƙi mahaifiyarsa ta huta a gida, wai rana ta yi zafi. Ta dube shi, ta ce to.

Madam ta zo da hantsi, Garbai gardin kumandan, wato dogarin Baturen mulki, yana riƙe mata da jaka. Manzo ya sa yara suka karanto abin da ya haddatar da su, ba su yi tuntuɓe ba. Amma da ta ɗaga yatsu bakwai ta naɗe uku ta tambayi saura, aji ya yi tsit. Can sai wani yaro, Illa, ya zaro ƙwallaye daga aljihunsa, ya jera a ƙasa yana rera waƙar a hankali. Sauran suka kama. Suka ba ta huɗu.

Fuskar Madam ta washe. Ta durƙusa har siket ɗinta ya taɓa ƙasa, ta tambayi wanda ya ƙirƙiro wannan dabara.

"Ni ne," in ji Manzo.

Ta ce ya rera mata waƙar daga farko ta rubuta. Ya kai baiti na uku ya tsaya, don bai taɓa zama ya saurara ba. Yaran suka shiga kiran sunan Yabawa, suna nuna bakin ƙofa. Madam ta tambaya ko wace ce.

"Wata tsohuwa ce mai tallar dabino," ya ce da Faransanci. "Takan taya ni."

Garbai yana jin Faransanci, kuma maƙwabcinsu ne tun Manzo yana goye. Ya sunkuyar da kai, ya mayar da jakar ɗaya hannun.

Aka zaɓi Manzo. Ya daɗe yana share ajin da ba shi da datti kafin ya iya kama hanyar gida. Ya tarar da mahaifiyarsa tana daka gero, kuma daga yadda ba ta ɗago ba ya san maganar ta riga shi isowa. Ya tsuguna nesa da turmin, ya cire hula.

"Inna, na yi abin kunya."

"Na ji an zaɓe ka," ta ce. "Allah ya sa alheri."

"Ba wannan ba, Inna."

"Ai ba ƙarya ka yi ba. Tsohuwa ce, kuma dabino take sayarwa."

Da ta zage shi da ya fi masa sauƙi. Ta haɗa masa guzuri, garin gero da tsamiya, ta raka shi har inda raƙuma suke.

A Damagaram, ranar da aka ce ya nuna wa sauran malamai dabarar, ya miƙe, ya ce ba tasa ba ce, ta mahaifiyarsa ce, Yabawa. Ya zaci za a yi masa faɗa ko dariya. Mai koyarwar ya gyaɗa kai kawai, ya ce ya ci gaba. Manzo ya gane cewa a nan babu wanda abin ya dama, wadda ya kamata ta ji kuwa tana can Gure.

Da ya dawo ya iske ta koma kasuwa da tallarta. Ya roƙe ta ta dawo bakin lakwal, ta ce rumfar kasuwa ta fi inuwa. Daga nan duk ranar kasuwa, in ya tashi aji, sai ya je ya zauna gefen tabarmarta, mutane na wucewa suna kallon mushe a ƙasa, yana kore mata ƙudaje daga faifai. Wani lokaci ta yi masa magana, wani lokaci ta ƙyale shi.