Jan Biron Ƙadangaruwa

Fayil ɗin yarinyar ya fi ta ƙiba. A makaranta Ƙadangaruwa ake ce mata, don kullum sha biyun rana na yi sai ta haye katanga ta ɓace. Shekarunta tara, amma ta ga jami'an walwala uku, kowa ya yi rubuce-rubucensa ya kama gabansa. Yanzu ofishinsu ya ba da wata guda: ko a gano dalilin gudun, ko a ɗauke ta daga hannun kakarta a kai ta gidan renon yara.

Jami'a ta huɗu, wadda kowa ke kira Anti, ta same ta a bencin bayan aji, yarinyar ta cika ta batse. Ta lura yarinyar ko kallon fuskarta ba ta yi, littafin hannunta take harara. Sai Anti ta miƙa mata littafin da jan biro, ta ce daga yau duk abin da aka rubuta a kanta za ta karanta, wanda ba gaskiya ba ta soke shi.

Ai kuwa Ƙadangaruwa ta samu aiki. Anti ta rubuta "yarinya mai kunya", ta soke. "Tana son lissafi", ta soke har takarda ta huje. Mako biyu suna haka, da biro kawai yarinyar ke ba da amsa. Shugabar ofis da ta ga littafin cewa ta yi ko kaza aka yanka a kai.

Rannan Anti ta rubuta, "Tana gudu gida ba dalili." Yarinyar ta ja layi a kan "ba dalili" kawai, ta tsaya tana juya biro. Anti ta ƙagu, amma ta jira ta.

"Anti, in na faɗa, rubutawa za ki yi?"

"Zan rubuta, ba zan yi miki ƙarya ba. Amma ke za ki fara karantawa."

Ashe Kaka ce ta fara mantuwa. Takan ɗora tukunya a kan risho ta shiga ɗaki ta sha'afa, sau biyu labule na kusan kamawa. Wuta yarinyar ke zuwa kashewa, kuma ta ɓoye ne don kada a ce Kaka ba ta iya riƙonta.

Tausayi ya kama Anti sosai. Ta tambaye ta wa ta yarda da shi, ta ce tela maƙwabciyarsu. Tare suka tsara rahoton: a kai Kaka wurin likita, a roƙi tela ta riƙa leƙawa da rana, a bar yarinya a gidansu.

Ƙadangaruwa ta bi layukan da yatsa har sau biyu, sannan ta cire murfin biro. Ba ta soke komai ba. A ƙasan takardar ta ƙara, da karkataccen rubutunta: "Amma Kaka ba ta taɓa manta sunana ba."