Hayaƙin Ƙarfe Ɗaya da Rabi

Abu biyu aka san Direba da su a tasha: bakinsa, da tsohuwar bas ɗinsa wadda in ta mutu sai ƙarti huɗu sun tura ta. Mutanen gida kuma sun san na uku, wato yadda yake ji da Auta, 'yarsa ta aji huɗu. Tun bara ƙirjinta ya fara kuka in tana numfashi. Likita ya ce asma ce, ya rubuta abin shaƙa, ya ce a nisanta ta da hayaƙi. Direba na jin haka ya yanke hukunci: tirelolin da ke bin babbar hanya ta gaban makarantarsu ne za su kashe masa 'ya.

Don haka da ma'aikatan bincike suka zo suka maƙala na'urorin auna iska a makarantar, saura kaɗan ya yi rawa. Kowace na'ura ba ta fi kwalin sabulu ba, tana da 'yar fitila da ke komawa ja in hayaƙi ya yi yawa. A kowane aji an ba ɗalibi guda littafi, in fitila ta yi ja ya leƙa waje ya rubuta lokaci da abin da ya gani. A aji huɗu Auta aka ba, don ita aka zaunar a bakin taga saboda ta riƙa samun iska.

Direba yana da al'adarsa. Kullum ƙarfe ɗaya da rabi sai ya sauke fasinjan ƙarshe, ya kurɗa layin bayan makaranta, ya tsaya daidai tagar aji huɗu don Auta ta gan shi ta ɗaga masa hannu. Ba a tashi daga makaranta sai biyu, shi kuma a nan yake jiranta. Motar kuwa ba ya kashe ta, domin a wannan layin ba mai tura masa.

Bayan mako shida aka kira taron iyaye. A cikin makonnin sau biyu ana kwantar da Auta a asibiti, saboda haka Direba ya zo da zafinsa, ya zauna a sahun gaba. Shugabar masu binciken, wata mata mai sanyin murya, ta ce iskar bakin ƙofar makarantar ba ta da kyau, gaskiya ne. Amma abin da ya ɗaure musu kai shi ne aji huɗu, wanda yake can baya, nesa da babbar hanya. A nan hayaƙi yakan ninka na ko'ina, rabin awa cur, duk ranar makaranta, daga ɗaya da rabi zuwa biyu.

Direba ya riga ya miƙe zai fara ruwan faɗa a kan direbobin tirela marasa imani. Da ya ji lokacin, sai ya fasa. Ya koma ya zauna a hankali, yana jin kamar kowa shi yake kallo, alhali ba wanda ya waiwayo.

Da aka watse, malamar ajin ta tsayar da shi a baranda. Ba ta ɗaga murya ba, kuma wannan ya fi masa ciwo. Ta ce ita ma ba ta taɓa kawo abin a ranta ba sai jiya, da ta ga sakamakon. Sannan ta miƙa masa littafin Auta. Ya buɗe. Rubutun 'yarsa ne, manyan baƙaƙe masu karkata. Litinin, ɗaya da rabi, tirela. Talata, ɗaya da rabi, tirela. Haka shafi bayan shafi.

"Baban Auta," in ji malamar, "tirela ba ta iya shiga wannan layin."

Ya san haka. Bas ɗinsa ma da ƙyar take juyawa a ciki.

Da ƙafa ya koma gida, don bai iya kallon motar ba. Ya tarar da Auta zaune a tabarma, an jingina ta da filo biyu, uwarta na shafa mata baya. Uwar ta tambaya ko ya gaya musu gaskiya a taron. Ya ce eh, an ji gaskiya. Ya jira ta shiga kicin, sannan ya durƙusa gaban yarinyar. Kunya da baƙin ciki suka cika shi.

"Auta, tun yaushe kika san motata ce?"

"Tun ranar farko, Baba. Kana tsayawa fitilar take yin ja."

"To me ya sa kika rubuta tirela?"

Ta ja numfashi sau biyu, ƙirjin na kuka.

"In na rubuta kai ne, za su hana ka zuwa."