Muryar Mai Amshi

Da soja suka koma bariki, 'yan siyasa suka shiga neman mawaƙa, sai Mudassir ya mai da shagon gidansu na Ƙofar Guga wurin ɗaukar waƙa. Shi ke waƙa, ƙaninsa Hussaini na amshi. Abin da ke ci masa rai, duk wanda ya saurara sai ya ce, "Wai wane ne mai amshin nan?"

Ranar ɗaukar waƙar Alhaji Maitama, ɗan takarar kansila, Mudassir da kansa ya jona makirufo biyu a mikisa, na'urar haɗa sauti, ya haɗa ta da laftof. Ya faki idon Hussaini, ya rage ƙarar layi na biyu, wanda aka saba jona makirufon mai amshi.

Aka kunna wa Alhaji. Muryar Hussaini ta cika ɗaki, ta Mudassir kamar daga rijiya. Ashe garin sauri nasa makirufon ya soka a layi na biyu.

Alhaji ya dafa kafaɗarsa. "Allah ya yi maka albarka, Malam Mudassir. Ba kowane wa ke ja da baya don ƙaninshi ya fito ba."

Mudassir ya ce, "Amin."