Sanyin Ƙarfe Takwas

Ban taɓa ganin abin da ya ci mini rai irin kafar wasiƙun da ke jikin ƙofar gidan Babanmu ba. 'Yar tsaga ce da murfin tagulla mai lilo, tsawonta bai fi tafin hannu ba, amma a watan Janairu a birnin Winnipeg na ƙasar Kanada sai ka rantse taga aka bari a buɗe.

Kafin Kirsimeti ciwon huhu ya kwantar da Baba kwana tara a asibiti. Shekarunsa tamanin da huɗu, kunne ya tafi, ido ma saura kaɗan, kuma shi kaɗai ne a gidan tun rasuwar Mama. Ranar da aka sallame shi, yayana Taras ya bugo daga birnin Calgary mai nisa, inda yake zaune cikin ɗumi yana raba umarni ta waya.

"Lesia, ki buɗe kunnenki. In ya sake kwanciya a sanyin bana, gidan tsofaffi zai koma. Na riga na sa sunansa."

"Ka sa sunan wa? Da izinin wa?"

"Ke dai na gaya miki."

Na kashe wayar ina huci. A gidan nan muka tashi, Baba da hannunsa ya buga kowane katako na barandar, kuma na san ranar da aka fitar da shi an gama da shi. Na ɗauki hutun mako biyu, na tare a ɗakina na dā, na rantse ko tari ɗaya ba zai yi ba a bana.

Na toshe tagogi da leda, na sa aka duba hita, na sayo masa safa mai kauri. Washegari da safe ina saukowa daga bene sai wani sanyi ya sare ni a idon sawu. Ga jarida a naɗe cikin kafar wasiƙu, rabi a ciki rabi a waje, ta tokare murfin. Iska tana shigowa tana bin ƙasa har falo, daidai inda Baba yake zaune da kofin shayinsa, ya miƙa ƙafafu kamar mai jiran ta.

"Baba! Wane marar hankali ne ya bar wannan haka?"

"Me?"

"JARIDA!"

"Ina sane. Bar ta, zan ɗauka."

Aikin Gunnar ne, tsohon masuncin da gidansa ke kallon namu a tsallaken titi. Tun Mama tana da rai suke karanta jarida ɗaya, Gunnar ya fara, ƙarfe takwas ya kawo wa Baba. Abin haushin, shekara goma sha ɗaya rabon da su yi wa juna magana, tun da Gunnar ya ari injin kwashe ƙanƙarar Baba ya dawo da shi ba ya tashi. Gaisuwa ta mutu, jarida ba ta fasa zuwa ba. Baba kuwa sai ya shanye shayinsa tas, ya lallaɓa da sandarsa mai ƙafa huɗu, sannan ya zare ta. Rabin awa ke nan gidan yana shan iska mai sanyin digiri talatin ƙasa da sifili.

Na cusa tsohon tawul a kafar. Da safe na same shi a ninke a kan kujera. Na sayo murfin ciki mai maganaɗisu na ɗaura, Baba ya ɓamɓare shi da cokali, wai ƙararsa tana damunsa. Ƙara! Mutumin da ba ya jin ƙararrawar gobara. Na liƙa soso da salatif, ya ce gida yana bukatar shan iska. Kullum sai na riga shi zare jaridar, kullum sai ya ɓata rai ya ƙi cin ƙwansa.

Rannan na sa kot na tsallaka titi na buga wa Gunnar ƙofa.

"Kawu Gunnar, don girman Allah, in ka kawo jaridar ka tura ta ta faɗa ciki. Hannunka ba zai karye ba."

Ya dube ni sama da ƙasa. "Shi ya aiko ki?"

"Ni na aiko kaina."

"To, in shi ne yake so, yana da baki."

Ya rufe ƙofa a fuskata. Na tsaya a kan matakalarsa hancina yana daskarewa, ina tunanin wane laifi na yi da aka haɗa ni da tsofaffin nan biyu.

Hutuna ya zo ƙarshe. Daga Litinin zan koma kantin maganin da nake aiki, sai da rana zan riƙa leƙowa, babu mai zare jarida da wuri. Ranar Lahadi na zo da katako, da soso mai kauri, da ƙusoshi takwas. Na rufe kafar ta ciki ruf, na kafa akwatin wasiƙu a waje jikin bango. Baba yana tsaye a bayana yana kallo.

"Cire abin nan, Lesia."

"Ba zan cire ba. Kuma kada ka kuskura ka buɗe ƙofar nan, barandar santsi ne da ita. Ni zan riƙa shigo maka da jaridar in na zo da rana."

"Da rana," ya ce.

"Eh, da rana. Labarin ba zai ruɓe ba. Baba, ko gidan tsofaffin kake so? Faɗa mini in huta!"

Ya koma kujerarsa. Gidan ya yi ɗumi, wallahi har daɗi na ji. Na kira Taras na yi masa gori.

Litinin da Talata na shigo da jarida da miyar kabeji ƙarfe sha biyu da rabi. Kafin in cire takalmi Baba yake tambaya, "Ya kawo?" In na miƙa masa sai ya ajiye ta a gefe, ko buɗewa ba ya yi. Na ce a raina, duk wannan fitinar a kan jaridar da ba a karantawa.

Ranar Laraba akwatin ba komai sai takardar tallan fiza.

"Ya kawo?"

"Yau dai abokin gabarka ya yi fushi. Zauna ka ci abinci."

Ban taɓa ganin Baba ya miƙe da sauri haka ba tun ina yarinya. Ya jawo kot a kan kayan barcinsa, ya miƙa hannu bayan ƙofar kicin ya ciro wani makulli da ke rataye a ƙusa. Shekara da shekaru ina ganin makullin nan, ban taɓa tambayar na ina ne ba.

"Ina za ka? Baba, silifa ne a ƙafarka! Likita ya ce..."

"Riƙe ni ko ki matsa."

Na riƙe shi. Muka tsallaka titin nan ina zage-zage, shi yana haki, iska tana yankar fuska. Ya buɗe ƙofar Gunnar da makullin.

A ƙasan kicin muka same shi, kwance a gefe ɗaya, ƙafarsa ta juya yadda ƙafa ba ta juyawa. Jaridar tana kusa da shi a naɗe, ya riga ya sa mata roba. Tun wajen bakwai da rabi yake nan. Ina kiran motar asibiti, Baba ya cire kot ɗinsa ya lulluɓa masa.

Gunnar ya buɗe ido, ya dubi Baba. "Ka makara, Myron."

"'Yata ta toshe kafar."

"Na gani. Na ce mata kana da baki."

"Rufe naka, ka ɓata mini inji."

Muna jiran motar Baba ya yi mini bayani, bai ko dube ni ba. Ba ya jin bugun ƙofa, ba ya hango tsallaken titi. Amma in sanyi ya taɓa masa ƙafa ƙarfe takwas, ya san Gunnar ya tashi lafiya. Shi kuma Gunnar yana zaune bakin tagarsa, in ya ga jaridar ta shige ciki, ya san Baba ya taka da ƙafarsa har ƙofa. Da takwas da kwata ta yi babu sanyi, da tuni ya kira ni.

"Me ya hana ka gaya mini?" Kuka nake, kuma haushi nake ji kamar in fashe. "Kalma ɗaya, Baba!"

"In ce miki me? Ina damuwa da wannan?"

Awa biyar tsohon nan ya yi a kan daɓe mai sanyi, huɗu daga ciki ni na jawo masa, ni da ƙusoshina takwas. Har yau abin yana cina.

Da yamma na ɗauko sukundireba na cire katakon. Baba bai yi ko atishawa ba bayan fitar nan da silifa, abin da ya ƙara ba ni haushi. Gunnar kuwa ƙashin ƙugunsa ne ya karye. Aka yi masa aiki, bayan mako uku 'yar ɗan'uwansa ta kai shi gidan tsofaffi a can bakin kogi, aka kafa allon sayarwa a ƙofar gidansa.

Wata Asabar na zo da sassafe. Baba yana kujerarsa, shayi ya huce, ya cire safar da na saya masa ya miƙa ƙafafu wajen ƙofa. Agogo ya wuce takwas da rabi. Murfin tagullar yana rufe lam, falon da ɗumi kamar gidan burodi.

"Lesia, mayar da katakonki."

"A'a, Baba, bar shi haka. Zan riƙa kawo maka jarida da safe, in saƙala ta yadda kake so."

"Ke na san kina lafiya, kullum kina yi mini ihu." Ya sunkuya yana laluben safarsa. "Kira Taras. Ki tambaye shi ko a gidan bakin kogin ya sa sunana. In ba can ba ne, ya sake."

Na zaro wayata daga aljihu.

"Ba don komai ba," ya ce. "Wancan mai taurin kan ba shi da wanda zai ba jaridar in ya gama."